Ciwo Biyu a Jiki Ɗaya: Daji da Zuciya

Maigida, wannan takarda taka ce, kai da iyalinka. In ka iya karatu, ka tara mutanen gidanka bayan sallar isha'i ka karanta musu. In ba ka iya ba, ka sa yaronka ɗan makaranta ya karanta a gaban kowa, domin abin da ke ciki ya fi shafar waɗanda ba su cika fita waje ba, watau tsofaffi da matan aure.

Mutanen karkara sun daɗe suna cewa ciwon zuciya na attajiran birni ne masu cin maiƙo, ciwon daji kuwa, wanda wasu ke kira sankara, jifa ne ko sammu. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a shekarar 2022 mutum fiye da 120,000 ne ciwon daji ya kama a Nijeriya, fiye da 70,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Hawan jini kuwa, wanda shi ne tushen yawancin ciwon zuciya a ƙasar nan, babu unguwar da bai shiga ba. Tun da yake cututtukan nan biyu duk sun fi kama wanda ya manyanta, ba abin mamaki ba ne su gamu a jikin mutum guda.

Ga misali. A ce mahaifiyarka ta shekara 3 tana shan ƙwayar hawan jini, ƙafafunta sukan kumbura su saɓe. Ran nan sai ta gaya wa matarka a asirce ta ji wani ƙullutu a nononta, mai tauri, ba ya ciwo. Kai ba za ta gaya maka ba, don kunya. To, labari ya iso kunnenka, me za ka yi?

Gidaje da yawa a nan sukan yi ɗayan kuskure biyu. Wasu su ce, ai tsohuwa ce, ga ciwon zuciya, ba za ta iya ɗaukar aiki ba, a bar ta ta huta. Wasu kuma tsoron daji ya kama su, su bi shi da duk abin da suka mallaka, su manta da ƙwayar hawan jini sam. Na farko sun bar daji ya ci, na biyu sun bar zuciya ta gaji. Alhali kuwa likitoci sun san yadda ake yi wa cututtukan nan magani tare, muddin an kawo marar lafiya da wuri, an kuma gaya musu kome.

MENE NE SU?

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannunka. Aikinta tura jini ko'ina cikin jiki, tana bugawa wajen sau 100,000 tsakanin dare da rana. In jini ya hau, watau awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce ya zauna nan, sai ta zama kamar jakin da aka daɗa wa kaya kullum. Da fari ta yi kauri, daga baya ta gaza. In ta gaza, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, mutum ya riƙa haki, ya kasa kwanciya sai an tokare shi da matasai. Ban da hawan jini, akwai ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda in ba a yi masa maganin fenisilin ba yakan lalata ƙofofin zuciya, akwai kuma gazawar zuciya da kan sami mace wajen haihuwa ko cikin jego.

Daji kuwa, ka san ƙuduji a gonar gero. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake tsotsar saiwa, kafin ka ga jan furensa ya riga ya yi ɓarna, in kuma ka bar shi ya zubar da iri, baɗi gonar duka tasa ce. Haka daji yake. Wasu ƙananan ƙwayoyin halittar jiki ne ke lalacewa su yi ta hayayyafa ba tsayawa, su zama ƙari, daga nan su bi jini da hanyoyin kaluluwa su zuba iri a hanta, ko huhu, ko ƙashi. A ƙasar nan wanda ya fi kama mata shi ne na nono, sai na bakin mahaifa. Maza kuwa ya fi kama su a wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet. Na hanta ma ba kaɗan ba ne. Ba a ɗaukar daji ta cin abinci ƙwarya ɗaya, ko ta kwana ɗaki ɗaya, saboda haka kada a ware marar lafiya.

YADDA ƊAYA KE ƁUYA BAYAN ƊAYA

Nan ne wurin da ya kamata ka buɗe ido sosai. Gidan da aka saba da mai ciwon zuciya, kome ya same shi sai a ce, ai ciwon nasa ne ya motsa. Da wannan magana daji kan sami watanni yana girma ba wanda ya kula.

Ka ɗauki haki da kasala. Gaskiya ne zuciya na kawo su, amma ƙarancin jini ma yana kawo su, jinin kuwa watakila yana tsiyaya ne kaɗan-kaɗan daga wani ƙari a hanji ko a mahaifa. Ka ja fatar idon marar lafiya ta ƙasa ka duba, ka dubi tafin hannunsa. In sun yi fari fat, a je a auna jini, a kuma nemi inda yake zuba.

Ka ɗauki kumburin ciki. Ruwan da zuciya ke tarawa galibi yakan zo tare da kumburin ƙafafu biyu, kuma yakan ragu in an sha ƙwayar nan mai sa fitsari. Amma in ciki na daɗa girma mutum na ramewa, ga tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga ido ya yi ɗorawa, lalle a dubi hanta. In kuwa ƙafa ɗaya ce tak ta kumbura, tana zafi tana ciwo, kada a murza ta, kada a kai wa mai ɗori. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, daji kuwa ya iya sa jini daskarewa, gudan jinin nan in ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa farat ɗaya. Wannan tafiyar asibiti ce ta ran nan, ba ta gobe ba.

Akwai kuma masu shan maganin tsinka jini, irin su asfirin da warfarin, waɗanda akan ba wasu masu ciwon zuciya. In irin wannan mutum ya ga jini a fitsari ko a bayan gida, ko mace da ta daina al'ada ta sake ganin jini, sai a ce ƙwayar ce ta jawo, ko a ce basir ne. Sau da yawa ƙwayar ba ta yi kome ba illa tona asirin wani ƙari da ke ɓoye, kuma wannan tonon rahama ne in an bi shi da sauri. Kada ka tsayar da ƙwayar da kanka, kada kuma ka yi shiru. Ka kai shi a duba. Haka tari. Wata ƙwayar hawan jini mai suna lisinofiril takan sa busasshen tari, amma tarin da ya wuce mako 2, musamman da jini ko rama, sai an gwada shi don tarin fuka da sauran cututtukan huhu.

Ke kuma uwargida, naki aikin ya fi na kowa, domin ke ce tsofaffi da 'yan mata za su buɗe wa ciki. Ƙullutu a nono ko a hammata, kan nono ya shige ciki, fatar nono ta yi kamar ɓawon lemo, jini bayan saduwa, ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, duk ki faɗa. Ko mai shayarwa ce, ƙullutun da ya ƙi bajewa kada a ce daskararren nono ne a zauna. Yawancin ƙulluttan nono ba daji ba ne, amma hannu ba ya iya bambancewa, sai gwaji.

WAI DAJI BA YA SON ƘARFE

Ka sha jin ana cewa daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa, da an taɓa shi sai ya fusata. Masu faɗar haka ba ƙarya suka shirya ba, abin da suka gani ne suka yi masa gurguwar fassara. An ajiye marar lafiya a gida shekara guda ana shafe-shafe da turare, sai da ciwo ya fashe ya bazu aka kai shi asibiti, likita ya yi abin da zai iya, bayan wata 2 mutum ya cika. Sai aka ɗora wa wuƙar likita laifi, aka manta da shekarar da aka ɓata. Ƙarfen da daji ke fusata da shi shi ne na sakiya da tsaga, domin yakan buɗe gyambon da ba ya warkewa, ƙarin kuma yana nan daram a ciki.

Dubi bambancin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka samu da dajin nono, fiye da 90 suna nan da rai bayan shekara 5. A Afirka ta Kudu kuwa wajen 40 ne. Babban dalili shi ne can ana gano shi yana ƙarami kuma ana gama magani, a nahiyarmu kuwa akan zo a makare, a kuma yanke magani a tsakiya. Don haka hukumar ta sa ƙa'ida cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti da ƙullutu zuwa ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta kada a wuce kwana 60. Bai kai kwanakin da gero ke yi a gona ba. Wannan shi ne irin saurin da ake bukata daga gare ka.

A ASIBITI

Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, ka karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Shika a Zariya, da na Aminu Kano, da na Sakkwato, da na Gwambe, da na Maiduguri, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, su ne ke da likitocin daji da na zuciya a wuri guda. Ran tafiya ka zuba duk maganin da marar lafiya ke sha cikin jaka ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har saiwa da garin magani, ka haɗa da tsofaffin katuna. Likita ba zai yi maka faɗa ba, so yake ya sani.

Da fari za a ɗebi ɗan mitsitsin nama daga ƙarin a kai ɗakin gwaji. Ban da wannan ba mai iya cewa daji ne ko ba shi ba ne, ko wane iri ne. Sa'an nan, kafin a fara magani, za a dubi zuciya. Za a manna wayoyi a ƙirji su zana bugunta a takarda, za a kuma ɗauki hotonta da na'ura irin wadda ake duba mai ciki da ita. Ba zafi, ba yanka. Lafiyayyar zuciya takan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. In hoto ya nuna ta kasa haka, likita zai sake lissafi. Mutane sukan yi gunaguni, su ce mun zo don nono an tura mu hoton zuciya, cin kuɗi ne kawai. Ba cin kuɗi ba ne, ga dalili.

Cikin magungunan dajin nono da na kaluluwa akwai wani jan ruwa da ake sawa ta jijiya, sunansa doksorubisin. Magani ne mai ƙarfi, ya ceci rayuka masu yawa, amma yana taɓa tsokar zuciya, kuma illarsa taruwa take yi, watau abin da aka sa wa mutum bana yana haɗuwa da na baɗi. Saboda haka likitoci suna da iyakar da ba su ƙetarewa a duk tsawon ran mutum, suna kuma rubuta kowane awo a kati. In zuciya ta riga ta raunana, sai su bar shi su ɗauki wani. Ka ga ke nan wanda ya ɓoye ciwon zuciyarsa don kada a ƙi yi masa magani, kansa ya cuta. Haka macen da zuciyarta ta taɓa gazawa cikin jego, ko da shekara 20 ke nan kuma ta warke sarai, lalle ta faɗa. Jan maganin nan yakan rina fitsari ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Gashin kai yakan zube, yakan kuma sake tsirowa in an gama. Galibi ana sa irin wannan magani ne mako 3 tsakani, sau 6 ko 8.

Akwai wani kuma, tarastuzumab, wanda ke aiki a kan wani irin dajin nono da kan sami wajen mace 1 cikin 5 na masu ciwon. Shi ma yakan raunana zuciya, don haka akan sake hoto duk wata 3, amma galibi in an dakata zuciyar takan farfaɗo. Gashi da na'ura, in a nonon hagu ne, sai an yi awo da kyau domin zuciya na bayansa. Dajin bakin mahaifa akan haɗa masa gashi da wani magani mai bukatar ƙarin ruwa da yawa, ruwa mai yawa kuwa nauyi ne ga gajiyayyar zuciya, sai an bi a hankali. Ƙwayar tamoksifen da mace kan sha shekara 5 ko fiye takan daɗa haɗarin daskarewar jini. Allurar da ake yi wa tsofaffi masu dajin furostet takan sa ƙiba da hawan sukari. Ba a lissafa maka waɗannan don ka tsorata ba. Kowanne akwai dabararsa, dabarar kuwa ba ta yiwuwa sai likita ya san halin zuciyar.

In aiki za a yi, watakila a ce a dakata mako ɗaya ko biyu har jini ya sauka, ko a tsayar da maganin tsinka jini 'yan kwanaki. Wannan ba kora ba ce. Kada ka ɗauke marar lafiya cikin fushi ka koma gida.

A GIDA

Rabin jinyar a ɗakinka za a yi ta. Ƙwayar hawan jini da ta zuciya ba a ajiye su don an fara maganin daji, sai in likita ne ya ce. Hawan jini ba ya warkewa kamar zazzaɓi, danne shi ake yi, ranar da aka bar magani ya taso. Amma fa in amai ko zawo ya yi tsanani bayan an sa maganin daji, a buga wa asibiti waya ran nan, domin ƙwayar fitsari a jikin da ruwa ya ƙare takan cuci ƙoda.

Gishiri shi ne abokin gaban gajiyayyar zuciya. Abin da ya halatta ga lafiyayyen babba ma bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba a yini, watau giram 5, kuma a cikin lissafin nan har da dunƙulen miya da kanwa. Uwargida ta ɗebe wa marar lafiya tasa miyar kafin ta zuba gishiri, ta gyara masa ita da albasa da tafarnuwa da citta. Amma kada a ce an hana gishiri a bar shi da kunu tsura. Mai maganin daji yana bukatar abin gina jiki, wake, da ƙwai, da nono, da kifi, da zogale, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Taba kuwa, ta sha da ta shaƙa da ta leɓe, a bar ta baki ɗaya, ita ce ke ciyar da cututtukan nan biyu lokaci guda.

Ka yi hattara da haɗin nan na kemis da ake kira maganin gajiya ko na ciwon jiki. Sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, su kuwa suna riƙe ruwa a jiki, suna ta da hawan jini, suna sa ciki zubar da jini. Jiƙo da tsimi ma kada a haɗa da maganin asibiti sai an tambaya, hanta ɗaya ce ke tace su duka. Batun azumi, addini ya yi wa marar lafiya rangwame, a tambayi likita a tambayi malam, kada tsoho ya yi ta maza.

Ga abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu. Zazzaɓi ga wanda ake sa wa maganin daji, musamman tsakanin kwana 7 da 14 bayan an sa, lokacin da garkuwar jiki ta fi yin ƙasa. In ma'auni ya nuna 38, kada a ce cizon sauro ne a sayo ƙwaya, a nufi asibiti. Haka ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an aza dutse, da haki yana zaune, da farkawa tsakar dare numfashi na sarƙewa, da karkacewar baki ko mutuwar hannu.

ME ZA KA SA RAI?

Gaskiya za a gaya maka, ba daɗin baki ba. Wani daji yana warkewa sarai. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, yana aiki a Yuganda, ya bayyana wani kumburin muƙamuƙi da ke kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, har da tamu. Yana girma da sauri ƙwarai, har a ga fuskar yaro ta sauya cikin mako guda, amma kuma yana narkewa da magani cikin 'yan kwanaki. Tarkon yana nan. Iyaye da sun ga kumburi ya saɓe sai su ce Alhamdu lillahi, su tattara su tafi, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo da ƙarfin da magani ba ya jin sa. A ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma yanke magani a tsakiya yana cikin manyan dalilai. Dajin nono da na bakin mahaifa da na hanji, in an same su ba su bazu ba, su ma ana warkewa, mai ciwon zuciya ma yana warkewa.

Gazawar zuciya ita ba ta cika warkewa ba, lallaɓa ta ake yi, kuma ba abar wasa ba ce. Wani bincike da aka buga a 2012 ya bi marasa lafiya wajen 1,000 da aka kwantar saboda ita a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya. Kusan rabinsu hawan jini ne ya kai su, kuma wajen 18 cikin 100 sun rasu kafin wata 6. Duk da haka wanda ya riƙe maganinsa, ya rage gishiri, yakan yi shekaru yana harkokinsa. Ta jego ta fi sauƙin farfaɗowa. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun iske tana kama wajen mace 1 cikin 100 da suka haihu, suka kuma lura kunun kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta suna daɗa wa zuciya nauyi. Ba su kaɗai ke kawo ta ba, amma mai jegon da ta fara haki da kumburi lalle ta bar su. Mata da yawa sukan warke da magani, sai dai kada a sake ɗaukar ciki sai likita ya dubi zuciyar.

Wani lokaci kuma likita zai ce daji ya riga ya bazu, ko zuciya ba za ta ɗauki magani mai ƙarfi ba. Wannan ba ya nufin aikin asibiti ya ƙare. Akwai maganin rage ƙari, akwai ruwan mofin na sha mai kashe zafin ciwo, akwai abin da ake barbaɗa wa gyambo ya daina wari. Mutum ya yi barci, ya yi sallarsa, ya gana da jikokinsa ba ya kururuwa, wannan ma abin nema ne, kuma hakkinsa ne. Ka roƙa masa.

Wanda ya warke daga daji kuma kada ya manta da zuciyarsa. A Amurka an bi sawun tsofaffin matan da aka yi wa maganin dajin nono, aka iske waɗanda ciwon zuciya ya kashe daga baya sun kai waɗanda dajin ya kashe. Illar jan maganin nan takan fito bayan shekaru, har ga wanda aka sa masa yana yaro. A riƙa auna jini, a koma asibiti da an ji haki.

KUƊI DA TAFIYA

Maganin daji yana da tsada, ba mai musun wannan. Tun ran farko ka tambayi likita, sau nawa za a zo, nawa ne kowane zuwa, har yaushe. Ka tara 'yan'uwa ka gaya musu jimlar, a san abin da kowa zai kawo, domin fara magani a yanke ya kusa zama asarar kuɗi da rai gaba ɗaya. Tunkiya ɗaya da aka sayar da wuri ta fi sa da gona da za a sayar a makare. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimaka wa marasa ƙarfi masu dajin nono, da na bakin mahaifa, da na furostet, aka fara da asibitoci 6, cikinsu har da na Shika da na Gwambe da na Abuja. Ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ka tambayi yadda ake shiga, ka kuma tambayi inshorar lafiya ta jiharku. In gashi aka rubuta, ka yi waya tukun ka ji ko na'ura na aiki kafin ka biya kuɗin mota.

Tun da ka je asibiti, kada ka dawo hannu rabbana game da yaran gida. Allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariri ranar haihuwa tana tsare shi daga babban dalilin dajin hanta. Tun watan Oktoba na 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin dajin bakin mahaifa a Nijeriya, sau ɗaya, kyauta. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a rumbu a zubar, dafinsu hanta yake ci. Yaro mai tsargiya a yi masa magani, domin ta daɗe a mafitsara tana jawo daji.

Katin asibiti ka sa shi cikin leda ka adana inda kake ajiye takardar gona. Ka roƙi malamin asibiti ya rubuta a bayansa sunan kowane maganin daji da aka sa, da yawansa, da sakamakon hoton zuciya, domin in an koma wani asibiti abin da za su fara tambaya ke nan. Ranar komawa kuwa ka sa yaronka ya rubuta ta da gawayi a bangon zaure, ka kuma lissafa ta da ranar kasuwarku, in ta faɗo cikin damina ka nemi wanda zai tsaya maka a gona tun da sauran mako guda.